IGIYA DA ƘULLI: ABIN DA MANOMIN BAKIN KOGI ZAI KOYA KAFIN RUWA YA CIKA

'Yan'uwa manoma, mu mutanen ƙasar Dutse an san mu da tudu da duwatsu da dabino, ba a san mu da ruwa ba. Amma duk wanda ke da gona a fadamun Ringim, ko Taura, ko Jahun, ko Miga, ya san daga watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba akwai ranakun da hanya takan ɓace. Gona ta koma tsibiri, kasuwa da asibiti su koma ƙetare. A ran nan manomi ya zama matuƙi, ko yana so ko ba ya so. Ya shiga kwale-kwale da buhun taki, ya fito da damin shinkafa, wani lokaci har da akuya, wani lokaci da mai naƙuda.

Ruwan nan kuwa ba duka ne na samanmu ba. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama Kogin Hadeja, shi ne ya ratso ta Ringim ya yi gabas. A kan Kogin Kano akwai madatsar Tiga wadda aka gama a 1974, a kan na Calawa kuma akwai wadda aka gama a 1992. In damina ta yi ƙarfi a can sama, suka cika, dole ruwa ya gangaro mana. Shi ya sa kogi kan hau cikin dare a garin da ko yayyafi ba a yi ba. A can ƙasa kuma wajen Hadeja ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ruwan ba ya wucewa da sauri. Wanda ya ga ambaliyar 2018, da ta 2020, da ta 2022, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

To, maganar da na kawo muku yau ƙarama ce a ido, watau yadda ake ƙulla igiya. Na zagaya ƙungiyoyinmu na gama kai da dama, na lura yawancinmu ƙulli biyu kaɗai muka iya. Na ɗaya zarge, wanda muke sa wa akuya. Na biyu shi ne ƙullin da muke ɗaure dami da shi, irin wanda mata ke yi wa ɗankwali, a harɗe baki biyu sau ɗaya a sake harɗewa. Waɗannan biyu sun yi wa iyayenmu aiki a tudu shekara da shekaru. A kan ruwa kuwa duka biyun maciya amana ne.

IGIYA TA SAKE, ƘULLI BAI SAKE BA

Iyayenmu da igiyar rama suka yi aiki, da ta kaba, da ta ɓawon kuka. Irin wannan igiya tana da kaushi, gashinta yana kama juna, ko ƙullin banza aka yi mata sai ta riƙe. Yau kuwa ka shiga kasuwar Shuwarin ko ta Gujungu, abin da za ka gani a rataye igiyar roba ce, shuɗiya ko ruwan ɗorawa, da farar nan mai laushi ta nailan. An ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935, robar da ake yin shuɗiyar igiya da ita kuma ta biyo baya a shekarun 1950. Sun fi rama ƙarfi nesa ba kusa ba, ba sa ruɓewa, gara ba ta cinsu. Amma santsi gare su. Ƙullin da zai kwana bakwai a jikin rama yana iya warwarewa da kansa a jikin roba kafin gari ya waye, musamman in ruwa yana kaɗa jirgi, igiya tana miƙewa tana saki, tana miƙewa tana saki.

Su biyun ma ba halinsu ɗaya ba. Ka yanki ɗan guntu ka jefa a bokitin ruwa. In ya taso sama, ta roba ce. Ita ce ta jefa wa mutum a ruwa, don yana ganinta, yana iya kai hannu gare ta. Aibinta rana: in ta daɗe a rana sai ta koɗe, ta yi gari, ta tsinke ba sallama. In kuwa guntun ya nutse, nailan ne. Shi yana da ƙarfi ƙwarai, yana kuma miƙewa kamar danƙo, saboda haka ya dace da ɗaure jirgi a inda ruwa ke fizga. Amma in ya jiƙe ƙarfinsa yakan ragu kaɗan, in kuma ya tsinke ana cikin ja, yakan dawo da bulala mai iya fasa ido. Kada kowa ya tsaya a saitin igiyar nailan sa'ad da ake jan amalanke ko mota daga taɓo.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, domin a wurin lanƙwasar nan zaren waje ne ya fi ɗaukar nauyi. Ƙulli na gama-gari da aka bari a tsakiyar igiya yana iya cinye kusan rabin ƙarfinta. Wanda ya bar ƙulle-ƙulle biyar a igiyar gugansa don ƙyuyar kwancewa, ya san inda za ta tsinke.

Masu jiragen teku sun daɗe da nazarin wannan abu, gama ransu a kan igiya yake. Wani Ba'amurke mai suna Clifford Ashley, wanda ya yi tafiya cikin jirgin masu farautar manyan kifayen teku, ya buga littafi a 1944 mai bayani wajen 3,900 a kan ƙulle-ƙulle. Kada wannan ya tsorata ku. Mu uku sun ishe mu. Sunayen da za ku gani a nan ni na raɗa musu don sauƙin koyarwa, in kuna da waɗanda suka fi su a garinku sai ku yi amfani da naku. Abu biyu kawai za ku riƙe: dogon ɓangaren igiya wanda ke ɗaukar nauyi zan kira shi uwar igiya, ƙarshen da ke hannunka kana aiki da shi kuma zan kira shi baki. Ku ɗauko igiya yanzu, kada ku karanta da hannu wofi.

ƘULLIN GAFIYA

Wannan shi ne babba, in mutum ɗaya kaɗai zai koya to ya koyi wannan. Masu jirgi suna ce da shi bolin. Aikinsa ya ba ka zobe a ƙarshen igiya wanda ba ya tsukewa, ba ya kuma buɗewa, komai ja. Zarge kuwa don tsukewa aka yi shi, iyakar ja iyakar shaƙa. Akuya nawa muka rasa a turke ta haka, ta zagaya, ta zagaya, aka wayi gari ta shaƙe? To, ka auna abin da zarge zai yi wa ƙirjin yaron da mutum uku ke ja daga ruwa.

Ga yadda ake yi. Ka shimfiɗa igiya a ƙasa, uwar igiya ta yi gaba, baki yana wajenka. Ka auno kamar gaba ɗaya daga baki. A nan ka murɗa ɗan ƙaramin zobe wanda hannu zai iya shiga, amma ka lura, ɓangaren da ya nufo baki shi ne zai hau kan uwar igiya, ba ya bi ta ƙarƙashi ba. A nan mafi yawan masu koyo ke ɓata. Wannan ɗan zobe shi ne rami, uwar igiya ita ce bishiya, baki kuwa shi ne gafiya. Turawa da zomo suke koya wa 'ya'yansu, amma zomonmu na nan a gindin ciyawa yake kwana, ba ya haƙa rami, saboda haka mu gafiya za mu ce. Gafiya ta fito daga rami ta ƙasa zuwa sama, ta zagaya ta bayan bishiya, ta ga kare, ta koma ramin da ta fito. Sa'an nan ka haɗa baki da gefen babban zoben da ke kusa da shi ka riƙe da hannu ɗaya, ka ja uwar igiya da ɗayan. Ƙulli ya zauna.

In ka yi daidai za ka ga kamar ɗan wuyan riga ya rungume uwar igiya. Ka taka zoben da ƙafa ka ja da ƙarfinka duka, ba zai ragu ko da yatsa ɗaya ba. In ka tashi kwancewa kuma, ko bijimi ne ya ja shi wuni guda, ka tura wuyan rigar nan baya da babban yatsa, sai ya saki.

Yana da aibi biyu, lalle ku san su. In ba nauyi a kansa, ana ta girgiza shi, yakan yi sako-sako, balle a sabuwar igiyar roba mai tauri. Maganin wannan a bar baki ya yi tsawo, aƙalla taƙi ɗaya, a kuma ƙulla shi sau ɗaya a jikin zoben. Na biyu, ba ya kwantuwa muddin ana jansa. Saboda haka ban so a ɗaure jirgi da shi a gaɓar da ruwa ke gudu.

Wurin aikinsa da yawa. Shi za ka sa a hancin kwale-kwale ya zauna can dindindin. Shi za ka sa a wuyan saniya ko akuya, ka bar wurin da tafin hannunka zai shiga. Shi za ka sa a marikin guga. Shi kuma za ka sa a hannun jarka, ga dalili. Jarkar lita 20 da aka rufe bakinta da kyau tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa, kamar yadda gora ke riƙe masunci. Ka zuba mata ɗan ruwa kaɗan don ta yi nauyin jifa, ka ɗaura mata igiyar roba mai tasowa, gaba goma ko fiye. Kowane jirgi da kowane mashigi ya kamata a ce akwai irin wannan a ajiye.

A nan sai ku saurara da kyau, gama wurin nan ne rai ke fita. In mutum ya faɗa ruwan da ke tsaye, kamar kududdufi, ko gonar da ta cika, ko gefen madatsar Warwade, ana iya jefa masa zoben gafiya ya sa a ƙarƙashin hamata a jawo shi. Amma in ruwa mai gudu ne, ba a ɗaure mutum da igiya ko kaɗan, da kowane irin ƙulli. In igiya ta miƙe, ruwa yana tura shi, ita tana riƙe da shi, sai kansa ya yi ƙasa, ba kuma zai iya kwance kansa ba. Abin da za a yi, a jefa masa jarka ko igiya ya kama da hannu, ya kwanta rigingine, mai riƙo a gaɓa ya zauna ƙasa ya dafe da ƙafa, ya bar ruwan da kansa ya karkato da mutumin zuwa gaɓa can ƙasa kaɗan. Mai riƙon ma kada ya naɗe igiya a hannu, kada ya ɗaura a ƙugu. In ta fi ƙarfinsa dole ya iya saki, in ba haka ba gawa biyu za a nema maimakon ɗaya.

ƊAURIN TURKE DA ƘULLIN MASAƘA

Na biyu shi ne na ɗaure jirgi a gaɓa, ko dabba a bishiya. Ka kai baki ka zagaya bishiyar sau biyu. Tun kafin ka ƙulla komai za ka ji nauyin ya bar hannunka, zagayen ya ɗauke shi, har yaro ma yana iya riƙe jirgi mai kaya. Sa'an nan ka ɗora baki a kan uwar igiya, ka zagayo ta ƙarƙashinta, ka fito ta tsakanin uwar igiya da bishiya, ka tsuke. Ka sake yin haka sau ɗaya a gaba da na farin, ta fuska ɗaya, kada ka juya. Shi ke nan. A igiyar roba ka ƙara na uku, ba a biyan kuɗi. Kyansa shi ne ko ruwa yana fizgar jirgi kana iya kwance shi a hankali, ka sassauta zagayen kaɗan kaɗan.

Amma ƙulli mai kyau a wurin banza banza ne. Turken da aka kafa a ƙasar da ta sha ruwa ba abin dogara ba ne, a nemi bishiya mai rai. Goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. Kada kuma a ɗaure shi gajere. Na faɗa muku kogin nan yana hawa cikin dare. In igiya gajeriya ce, an kuma ɗaure ta can ƙasa, ruwa zai ɗaga jirgi, igiya ta danne goshinsa, da safe a tarar da shi cike da ruwa. A ɗaure sama, a bar rara kamar gaba ɗaya ko biyu. Inda igiya ke gugar katako ko dutse a naɗa mata tsohon buhu ko guntun tiyo.

Na uku na haɗa igiya biyu ne, sa'ad da ɗaya ta kasa. A nan ne ƙullin dami ke kashe mutane. A jikin dami yana da kyau, don yana kwance a kan abu. Amma in aka haɗa igiya biyu da shi a sarari, baki ɗaya ya maƙale a wani abu, sai ƙullin ya kife ya zame kamar an shafa masa mai. In ɗaya ta fi ɗaya kauri, ko ɗaya roba ɗaya rama, abin ya fi muni. Ashley ɗin nan ya yi gargaɗi mai ƙarfi a kan wannan, saboda yawan rayukan da suka salwanta ta haka.

Abin da za a yi a maimakonsa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Irinsa ne masaƙa ke haɗa zaren da ya tsinke da shi, da shi kuma ake ƙulla idon taru. Ka lanƙwasa bakin igiya mai kauri ya dawo ya kwanta a jikin uwarsa, kamar ƙugiya. Ka shigo da bakin siririyar ta cikin lanƙwasar daga ƙasa, ka zagaya bayan ƙafafun ƙugiyar duka biyu, sa'an nan ka cusa shi a ƙarƙashin jikinsa, watau ƙarƙashin siririyar kanta, kada ka mai da shi cikin lanƙwasar. Ka duba, bakunan biyu su fito gefe ɗaya. In igiyar roba ce, ko ta jiƙe, ka zagaya sau biyu kafin ka tsuke.

Game da dabba a cikin jirgi, ra'ayina shi ne a yi mata dabaibayi a kwantar da ita a tsakiya, wani ya riƙe igiyar wuyanta a hannu, kada a ɗaure ta a jikin jirgi. In ta firgita ta yi tsalle tana ɗaure, da jirgin za ta tafi. Yaro kuwa ba a ɗaure shi a jikin jirgi ko da wasa. Mai goyo ma gara ta sauke ɗan ta riƙe a hannu kafin a tashi. Kowane jirgi kuma ya kasance da wuƙa mai kaifi a inda hannun matuƙi zai kai. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna, a Ayyukan Manzanni sura 27, jirgin da ya ɗauki Bulus da igiya aka ɗaure cikinsa don kada ya tarwatse, amma da lokaci ya yi sai da sojoji suka sa wuƙa suka yanke igiyoyin ƙaramin jirgin.

Kada wani ya ɗauka iya ƙulli zai sa jirgi ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Jirgin da ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, a ƙarshen Nuwamba 2021, ya hallaka mutane da yawa, galibinsu yara, lodi ne ya yi masa yawa. In matuƙi ya ce ya isa, ya isa, a jira sawu na biyu. Ƙungiyar da ta iya sayen injin ban ruwa ta iya sayen rigunan ruwa huɗu ko biyar.

Kula da igiya ba wuya. In ka yanke ta roba ko nailan, ka ƙona bakin da ashana ya narke ya haɗe, amma kada ka taɓa da yatsa yana zafi. Ta rama kuwa a naɗe bakinta da zare. In an gama aiki a wanke taɓo, gama yashin da ya shiga tsakanin tufka yana yanka zare daga ciki. A shanya rama ta bushe sarai kafin a ajiye, ta roba kuma a rataye ta a inuwa, nesa da batir, don ruwan batir yana cin nailan da rama. Kafin damina ka murɗa igiya baya ka leƙa cikin tufkar. In ka ga gari yana zuba, ko zare ya kakkarye, aikinta na ruwa ya ƙare, a ba yara su ɗaure tumaki.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙullin da aka koya a takarda ba ya zuwa hannu a cikin duhu, ana ruwa, mutane suna ihu. Sai hannu ya iya shi ba tare da kai ba. Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyi ita ce, tun daga watan Mayu, kowace Lahadi bayan sujada a ɗauki minti goma sha biyar a gindin bishiya, kowa da guntun igiyarsa gaba biyu. A fara da ido buɗe, sa'an nan ido rufe, sa'an nan da jiƙaƙƙiyar igiya. Kada a bar Zumuntar Mata a baya, su ne ke jan guga kullum, su ne kuma suka fi shiga jirgi da yara ran kasuwa. 'Yan Zumuntar Matasa su yi gasar jefa jarka, a kafa turmi a nesa a ga wanda zai kai igiya kusa da shi. Za ku tarar jifar ta fi ƙullin wuya, gama in ba a naɗe igiyar da kyau ba, a rabin hanya za ta sarƙe.

In akwai sarkin ruwa ko masu fito kusa da ku, dattawan ikkilisiya su je su gaishe shi, su roƙe shi ya turo mutum ɗaya ya duba abin da kuke yi. Maƙwabtanmu ne, a ruwan aka haife su, sun san inda kogi ke juyi da inda gaɓa ke zaftarewa. Wataƙila su nuna muku ɗaurin da ya fi nawa dacewa da jiragen wurinku. Ma'aji kuma ya rubuta igiyar ƙungiya a littafin kaya, da ranar da aka saye ta, da sunan wanda ke ajiye ta, don kada a neme ta cikin Agusta a tarar tana ɗaure da rumfar wani.